Likita, kafin ka ɗaure kaya zuwa hausmanshif ko rasidansi: lasin tuƙi da katin inshorar lafiya

Duk shekara idan lokacin tafiya ya zo sai ƙannenmu likitoci su dame ni da waya, wanga ya samu hausmanshif, aikin horon shekara ɗaya da sabon likita ke yi, a Kano, wancan ya ci firamare, jarrabawar shiga horon ƙwarewa, an ɗauke shi rasidansi, wato horon ƙwarewar, a Ibadan, wata kuma miji ya yarda zata Zariya ta karanta ɓangaren yara. Tambayoyin kullum iri ɗaya ne, Yaya ina zan samu gida kusa da asibiti, yaushe albashi ke fara shigowa, kwansaltan (babban likita ƙwararre) wane yana da zafi ko yana da sauƙi. Har yau ba wanda ya taɓa tambayata maganar lasin tuƙi ko katin inshorar lafiya, alhali su biyun nan ne sunka fi wahal da ni shekarar da na bar Katsina. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne takardun nan biyu ba halinsu ɗaya ba. Lasin tuƙi yana bin ka duk inda ka shiga a Najeriya, wanda aka yi maka a Katsina yana aiki a Legas yana aiki a Fatakwal, matsalarsa kawai ya ƙare baka sani ba ko ya zama na bogi. Ita kau inshorar lafiya a ɗaure take da asibiti guda, in ka tashi ita bata tashi ba, tana nan inda ka bar ta sai ka je da ƙafarka ka kwance ta. Kuma duka biyun aikin ranakun aiki ne, safe zuwa la'asar, daidai lokacin da kai kana zagayen marasa lafiya ko kana tiyata riƙe da ƙarfe. Da zarar sunanka ya hau jadawalin kol, wato aikin kwana a asibiti, to ka manta da zuwa wani ofis, don haka makonnin nan da kake zaune gida kana jiran ranar fara aiki su ne kaɗai damarka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara da lasin tunda shi ne mai sauƙi. Ciro shi daga walat yanzu ka duba ranar ƙarewa. Galibi ranar haihuwarka ce yake mutuwa, bayan shekara 3 ko 5, ya danganta da wanda ka biya. Ni nawa ya mutu da wata huɗu ban sani ba, sai da munka wuce Lokoja da 'yar Corolla ta cike da katifa da tukwane da buhun gero da Hajiya ta matsa sai na tafi da shi, aka tsaida ni a shinge, na miƙa lasin da ƙarfin gwiwa har ina cewa likita ne ni, jami'in ya juya katin ya nuna mani kwanan wata da farce bai ce komai ba. Gaskiyarsa ce, laifina ne. Tarar tuƙi babu lasin mai rai naira 10,000 ce a wajen 'yan rod sefti, amma ba kuɗin ne abin ba, rana ta faɗi muna nan, ga mace da jaririya a mota.

In saura ƙasa da shekara ya ƙare to ka sa shi a lissafi. Hukumomi uku ne ke da hannu a lasin: FRSC, wato 'yan rod sefti, masu ɗaukar hoto da zanen yatsa su buga kati, VIO masu gwajin tuƙi, da ofishin haraji na jiha inda kuɗi ke shiga kuma nan ne yawanci ake karɓar katin. Zaka shiga shafin lasin tuƙi na FRSC a intanet, ka zaɓi sabuntawa, ka sa lambar tsohon lasin da ranar haihuwa, ka cike fam, ka biya ta kati ko banki, ka buga fam ɗin da rasit ka kai cibiyar da ka zaɓa. Tun watan Yuni na 2025 kuɗin lasin tuƙin mota ya koma naira 15,000 na shekara 3, naira 21,000 na shekara 5, ban da ɗan cajin banki. Shawarata ka yi na shekara 5. Rasidansi galibi tana cin shekara biyar zuwa shida in ma komai ya tafi daidai, ba yajin aiki ba faɗuwa jarrabawa, to me zai sa ka jawo wa kanka layi a tsakiyar shirin fat wan, babbar jarrabawar tsakiyar rasidansi. Aji B ne na ƙaramar mota ta gida, in babur kake hawa aji A ne, kada ka ɗauka ɗaya ya wadatar da ɗaya.

Ga inda mutane ke yin kuskure. Bayan an ɗauki hotonka takardar wucin gadi zasu baka mai kwana 60, katin dindindin kuma cibiyar da ka yi rajista zai je, ba zai biyo ka ba. To ka yi tunani: in tafiyarka saura sati biyu, ka yi a Katsina, katin zai fito kana Ibadan, sai ka fara roƙon ƙanenka ya je ya karɓo ya ba direban motar haya a tasha. Ana yi, amma wani lokacin sai an nemi kai da kanka ko takardar wakilci. In kana da wata biyu zuwa uku a hannu yi a gida inda ka san mutane. In lokaci ya ƙure kuma lasin bai mutu ba tukuna, bari ka isa can ka yi a cibiyar garin da zaka zauna, ba dole sai jihar da ta fara baka ba. Kuma katin na iya wuce kwana 60 bai fito ba, in haka ta faru koma cibiyar su sabunta maka takardar wucin gadin, kada ka riƙa yawo da matacciya kana cewa ai ba laifina ba ne.

Sai maganar NIN. Tun ƙarshen 2020 ba a yin lasin sai da ita, kuma suna da ranar haihuwa dole su yi daidai da abin da ke NIMC, hukumar da ke ba da NIN. Mu nan wannan ce cutarmu, a takardar firamare Muhammadu, a WAEC Mohammed, a NIN Muhammad, sunan gari ya shiga wani wuri ya fita wani wuri. In sun saɓa kwamfuta zata ƙi ka, sai ka fara gyara a NIMC, shi kuma ba aikin yini ɗaya ba ne. Ka daidaita komai da yadda sunanka yake a takardar MDCN, hukumar rajistar likitoci, don ita ce zata bi ka har ƙarshen aiki, har waje in ka fita.

Dan Allah kada ka ba ɗan kamasho hoto da kuɗi ya kawo maka lasin gida. Na san likita bai da lokaci, na san akwai wani "yaronmu" a kowace unguwa mai cewa kwana uku an gama. Duk sabon lasin da aka yi ba ka je an ɗauki zanen yatsanka ba ka yi shakkarsa. Akwai wurin tantancewa a shafin FRSC, sa lambar ka gani ko sunanka zai fito. Wanda kuma bai taɓa yin lasin ba sam, kamar yawancin ƙannenmu mata da sai an fara albashi ake sayen mota, sai ta bi ta makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, su ba da satifiket, VIO su gwada, sannan a shiga layin hoto. Shekara 18 ce mafi ƙaranci.

Takardun motar ma ka haɗa su a duba lokaci guda. Lambar Katsina irin KTN ko DRA ba ta hana ka yawo ko'ina, ba sai ka canza ba, amma a kudu baƙuwar lamba tana jawo a tsaida ka fiye da ɗan gari, wannan kowa ya sani. Lasin mota na shekara, takardar lafiyar mota, shaidar mallaka, da inshorar mota ta tad fati wadda ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani har naira miliyan 3. In an baka ta dubu biyar a bakin ofishin lasin to takarda kawai ka saya, ka duba lambar motarka a NIID, rumbun bayanan inshora na intanet, ka gani ko tana ciki. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a waya da imel.

To yanzu babbar magana, inshorar lafiya. Wanzami ba ya son jarfa, mu likitoci mun fi kowa sakaci da wannan, tunaninmu ai a asibiti nake aiki, abokai zasu duba ni. Eh zasu duba ka kyauta, har kwansaltan zai zo da kansa ya dafa kafaɗarka. Amma sikanin CT ba abokinka ba ne, famasi ba zasu baka magani don kana sanye da farar riga ba, in madam ta zo haihuwa aka ce sai tiyata kuɗin kayan aiki da jini da gado duk sai an biya, a garin da ba ka da kawu ba ka da baffa kuma wataƙila albashin farko bai ma shigo ba, don sabon ɗauka yana iya yin watanni kafin ya ga alat.

Fara da gano a wane tsari kake ciki yanzu, don da yawa ba su sani ba. In kana ƙarƙashin katin mahaifinka ma'aikacin tarayya, wannan ya daɗe da ƙarewa, tsarin yana ɗaukar ma'aikaci da mata ko miji ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ne. In TISHIP ce ta ɗalibai da kake biya cikin kuɗin makaranta, ta tsaya ranar da ka gama. Kenan sabon likita mai shiga hausmanshif sau da yawa ba shi da komai a hannu, yana tsaye tsakanin ɗalibta da aiki. Ranar da ka kai takardun kama aiki ka tambayi ofishin ma'aikata kai tsaye, shin 'yan hausmanshif suna cikin inshora a nan ko akwai wani tsari na asibitin ma'aikata, kuma me ya ƙunsa. In amsar ba ta gamsar ba akwai GIFSHIP na NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wanda mutum ke biya da kansa na shekara, shi kaɗai ko da iyali, ko ka shiga tsarin jihar da ka je, KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, OYSHIA a Oyo, Ilera Eko a Legas. Masu bautar ƙasa su gwamnati ta sa su cikin NHIA, sai dai ka tabbatar asibitin da aka rubuta maka yana garin da aka tura ka aiki, ba garin sansani ba. Dokar NHIA ta 2022 da ta maye gurbin NHIS ta ma wajabta inshorar a kan kowa, ko da yake a aikace kowa ya ga yadda abin yake.

In kuma dama kana da katin NHIA, misali kana aiki a wani asibitin tarayya ka samu rasidansi a wani, ga yadda abin ke aiki don ka gane dalilin da ya sa dole ka motsa. Lokacin rajista ka zaɓi asibiti ɗaya a matsayin na farko. Wannan asibitin ana biyansa kuɗi duk wata a kan kowane kai da ke cikin jerinsa, ko ka je ko baka je ba. Sabon asibitin da ka koma ba a biya su ko sisi a kanka ba, sunanka baya cikin jerinsu, to in ka miƙa kati a tebur ɗin NHIA ma'aikaciyar zata duba kwamfuta ta ce Dakta ba ka cikin namu. Haka aka ce mani ƙarfe ɗaya na dare, 'yata jikinta kamar garwashi tana ta amai, ni kuma ina kan kol a hawa na sama na sauko da silifas ɗin tiyata. Katinmu yana can wani asibiti a Katsina da na zaɓa don yana kusa da gidanmu, wata biyar da tashi ban canza ba, kullum sai in ce gobe. Na biya komai daga aljihu, kwana uku a gado, kuɗin da na ware na fam ɗin jarrabawa ne ya tafi.

Canjin ba wuya gare shi ba, jira ne kawai. Ka je ofishin NHIA na jiha, akwai a kowace jiha, ko ka kira kamfanin HMO ɗinka, wato kamfanin da ke kula da inshorarka tsakaninka da asibiti, sunansu da lambarsu na jikin kati ko a tebur ɗin inshora na asibiti. Ka ce kana son canza asibitin farko saboda canjin wurin aiki, ka tafi da takardar ɗauka ko ta tura ka, da lambar rajistarka da NIN. Ka cike wa kowa, kai da madam da yara ɗaya bayan ɗaya, don ana iya maida kai a bar su a baya. In iyali zasu zauna Katsina kai kaɗai zaka tafi, wanda shi ne da yawa ke yi shekarar farko, to ka ce a maida kai kaɗai su a bar su inda suke. Canjin baya hawa ranar da ka cike, sai an fitar da sabon jeri, don haka bayan wasu makonni ka taka zuwa tebur ɗin sabon asibitin ka ce a duba maka ko sunanku ya fito. Kada ka jira sai ranar ciwo ta gaya maka. In wurin aikinka ya canza gaba ɗaya mai yiwuwa HMO ma ya canza, tambayi wanda ke kula da inshora a sabon wurin. Jaririn da aka haifa bayan rajista shi ma sai an ƙara shi da takardar haihuwa, baya shiga da kansa.

Abu biyu da zasu rage maka faɗa da mutane. A tsarin ma'aikata kana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani, ba cuta ba ce, haka tsarin yake. Sannan duk abin da ya wuce matakin farko, ganin ƙwararre, tiyata, manyan gwaje-gwaje, sai asibiti ya nemi kod, wato lambar izini, daga HMO. Kai da kake cikin asibiti zaka ga kamar ka tsallake ka je wajen abokinka a kilinik kai tsaye, in ka yi haka ba takardar turawa ba kod to kuɗin na kanka. A 2025 NHIA ta ba da umarnin HMO su ba da kod cikin awa ɗaya, in an wuce haka kana da bakin magana, ka kira ofishin NHIA na jihar.

'Yan uwana ma'aikatan jiha da gwamnatin Katsina ke ɗaukar nauyinsu su tafi rasidansi wata jiha, ku naku daban ne. Albashinku daga gida yake fitowa, ana cire kason KTSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Katsina, asibitocin tsarin kuma na cikin jiha ne. Kafin ka tafi ka shiga ofishinsu da takardar izinin tafiya karatu ka tambaya me tanadinsu ga wanda ke zaune wajen jiha, a rubuta maka amsar. Iyalin da ka bari gida su ci gaba da amfani da katinsu, kai kuma in babu tanadi ka sayi GIFSHIP ko na jihar da kake, ka ɗauke shi cikin kuɗin karatu kamar littafi. Sabuwar rajista tana da lokacin jira kafin kati ya fara aiki, shi ya sa satin farko ake yinta.

Cikin jakar takardu ka sa katin rigakafin yara, katin awon ciki in madam na da juna biyu, sakamakon jinotayif da rukunin jini, da taƙaitaccen rahoto daga likitan da ke bin duk mai sikila ko asma ko hawan jini a gidan, da maganin wata biyu aƙalla. Kai kanka in baka kammala allurar ciwon hanta nau'in B ba, guda uku ce, ta farko, bayan wata ɗaya, sannan wata na shida, ka fara tun a gida. Allura zata soke ka a hausmanshif, ba ko ba, kuma ka san inda ake samun maganin kariyar HIV a sabon asibitin tun ranar farko don cikin awa 72 ake fara shi.

Masu fita waje kuma a taƙaice. A Ingila zaka iya tuƙi da lasin Najeriya na wata 12 daga ranar da ka zama mazauni, bayan nan ba a musanya namu da nasu, sai ka nemi lasin koyo daga DVLA, hukumar lasin tuƙinsu, ka ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi, kuma samun ranar gwajin yana ɗaukar watanni, to ka nema da wuri. In ka yi gwaji da mota otomatik ita kaɗai aka yarda ka tuƙa. Mai bizar ma'aikatan lafiya baya biyan harajin lafiya na baƙi, shi da iyalinsa, wanda wasu ke biyan fam 1,035 a shekara, amma rajista da likitan unguwa, GP, kai zaka je ka yi. A Amurka kowace jiha da dokarta, sabon mazauni kwana 10 gare shi a California, 30 a New York, 90 a Texas. Rasidansi yawanci 1 ga Yuli take farawa, kai kuma tun Yuni ka sauka, to ka tambayi asibitin ranar da inshorarsu ke fara aiki ka sayi ta wucin gadi ta cike tsakani. Mai bizar J-1 dole inshorarsa ta kai dala 100,000 a kowace rashin lafiya ko haɗari, da dala 50,000 na ɗauko mara lafiya zuwa gida da 25,000 na maido gawa, kuma sharaɗin ya hau kan mata da yara da suka biyo shi.

Lasisin aiki na MDCN shi ma ka duba shi tare da waɗannan, na shekara ana sabunta shi kafin 31 ga Disamba, ɗan hausmanshif kuma rajistar wucin gadi ce a hannunsa mai wa'adi, in an samu jinkirin samun gurbi ka lissafa ko zata kai ka ƙarshen wata goma sha biyun.